Bargon da ya riƙa warwarewa: lamarin wata mai ɗinki a Maraɗi tsakanin zaren roba da zaren auduga

## Sana'ar kafin Yulin 2023

Matar da wannan bayani ya shafa tana zaune a ɗaya daga tsofaffin unguwannin Maraɗi, shekarunta sun ɗan haura hamsin. Ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo nake ce mata, haka kuma zan kira ta a nan. Tun bayan rasuwar maigidanta da keken ɗinki na ƙafa, samfurin Butterfly, take riƙe da gida. Ba ta ɗinka riga, ba ta ɗinka zane. Abin da aka san ta da shi bargon ƙyalle ne.

Bargon hawa uku ne. A sama akwai fuska, wato ƙyallayen atamfa da yaran teloli ke tara mata a buhu, musamman bayan ƙaramar Salla da babba. Takan yanka su murabba'i mai santimita 12, ta jera launi da launi. A tsakiya akwai ciko: auduga gurzajjiya da aka shiɓe aka shimfiɗa siririya, wani lokaci kuma tsohon bargo da ya sha jiki. A ƙasa sai shafi na akoko. Babban bargo tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1 da santimita 60. Kasuwarsa biyu ce, hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma kayan ɗakin amare.

Ɗinkin ma iri biyu ne, kuma mai bin wannan labari sai ya riƙe bambancinsu. Na farko haɗi, wanda ke manne ƙyalle da ƙyalle. Na biyu shi take kira danni, wato dogayen layukan da ke ratsa hawa ukun gaba ɗaya don kada cikon ya taru wuri guda ya yi curi-curi. Haɗi yana ɓoye a ciki da zarar an rufe bargo. Danni kuwa a waje yake, shi ke shan rana, shi ke shan ja wajen matsar wanki, shi ɗan yatsan ƙafar yaro ke kamawa cikin barci. Haɗi kullum da keke take yinsa. Dannin bargon yau da kullum ma da keke, na amare kuma da hannu.

Ba daga sama ta tsinci wannan aiki ba. Kakanta na wajen uwa ɗinkin lifidi yake yi, sulken ƙyalle mai cikon audugar rimi da 'yan lifida ke rufe dawakai da shi ranar hawa. Da abawa yake ɗinki, wadda matan gida ke kaɗawa da mazari. Daga wurinsa mahaifiyarta ta ga yadda ake danne ciko, ita kuma ta koya mata. Don haka a wurin Gwaggo zare auduga ne, ba ta taɓa tsayawa tunanin wani ba. Wanda ta saba da shi wani ɗan kasuwa ke kawo mata daga Kantin Kwari a Kano, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Zaren auduga ne mai ɗan sheƙi, irin wanda ake tsomawa a ruwan soda mai ƙarfi tun a masaƙa don ya ƙara ƙwari ya kuma kama rini sosai, dabarar da wani Baturen Ingila mai suna John Mercer ya gano a 1844.

Ɗiyarta ta fari ke rubuta mata lissafi a littafin 'yan makaranta: ranar da aka gama bargo, wanda ya saya, da wanda aka dawo da shi. Adadin da zan ambata daga littafin nan suka fito, sauran kuma abin da na gani da idona ne. A hunturu biyun da suka gabaci matsalar, bargo ɗaya kacal aka dawo mata da shi gyara.

## Agusta zuwa Nuwamba 2023: tsohon zare

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa. Garin da rabin numfashin kasuwarsa daga Katsina da Kano yake shigowa, ba sai an faɗi yadda ya ji ba. A ɗakin Gwaggo abu biyu suka sauya. Mai kawo zare ya daina zuwa. Dutsen guga na lantarki kuma aka ajiye shi, aka sauko da na gawayi.

Da zaren hannunta ya ƙare cikin Satumba, sai ta tuna da wani kwali na zaren auduga da ya yi shekaru a cikin adaka, jingine da bangon ƙasa da ke shan rima duk damina. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani, ta zare shi ta hau aiki.

Tun ranar farko zaren ya riƙa tsinkewa a keke. Kafin ta kai ƙarshen layi ɗaya na mita 2 sai ta sake zura allura sau uku ko huɗu. Ta ɗora laifin a kan keken. Ta zuba mai, ta share ƙoshiya, ta sauya allura daga lamba 14 zuwa 16, abin bai sauya ba. Haka ta daure har ta gama barguna tara, sannan a tsakiyar Nuwamba ta aika aka kira mai gyara. Ina wurin. Ya juya keken da hannu, ya kasa kunne, ya ɗinka wani ƙyalle da zaren da ya zo da shi a aljihu, ɗinki ya fita sumul.

Ya ce, "Hajiya, kekenki lafiya lau yake. Ba ni zaren in gani."

Ya naɗe shi a yatsu biyu ya ja. Ko ƙara bai yi ba, ya rabu kamar an ja saƙar gizo. Ya kai kwarkwaron hanci, ya miƙa mata. Warin hunhuna ne.

Dalilin a fili yake. Auduga tana shan danshin iska, kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta a iska mai matsakaicin danshi. Idan ta daɗe cikin rima, hunhuna ta samu abinci, takan cinye silin daga ciki alhali launinsa yana nan kamar sabo. Kafin ƙarshen Janairu an dawo da huɗu daga bargunan taran nan, dukansu danni ya tsittsinke, cikon ya gangara ya taru a gefe guda. Ta warware su ta sake ɗinkawa kyauta.

## Disamba 2023: zare mai walƙiya

Sanyi ya shigo, masu oda suna jira. Ta tafi babbar kasuwa da kanta, ta tarar zaren auduga ya yi wuya, wanda ke akwai kuma ya yi tsada. Abin da ya cika teburan masu zare shi ne manyan kwarkwarai masu tsini, launi kala-kala, suna walƙiya. A jikin takardarsu an rubuta 120D/2. Kuɗinsu da sauƙi, tsawonsu kuma ya ninka abin da ta saba saye. Ta ɗauki shida.

Abin da ba ta sani ba a lokacin, wannan zaren surfanin keke ne. An yi shi don ya kwanta a wuyan riga ya yi ƙyalli, ba don ya riƙe nauyi ba. Roba ce zalla, foliyesta, dogayen silla masu santsi da aka murɗe sama-sama. Turawa biyu, Whinfield da Dickson, suka ƙirƙiro wannan roba a Ingila a 1941, kuma da ita da robar gorar ruwan sha uwarsu ɗaya. Ranar da na gaya wa Gwaggo haka ta daɗe tana jujjuya kwarkwaron a hannu.

Barguna biyar ta yi da shi. Santsinsa ya sa ƙulli ba ya zama, bakin layi kan warware da kansa. A dannin hannu kuwa wahala ce tsagwaronta, yana murɗewa, yana sarƙewa, yana yanka mata ɗan yatsa. Amma babbar ɓarnar wajen guga ta fito.

Wata yamma jikanta ya cika dutsen guga da garwashi, ya yi ta fifita har ya yi jajir, ya kawo mata. Ta shimfiɗa fuskar wani bargon amarya a kife don ta kwantar da bakin haɗi. Ta ɗora dutsen ta danna, kamar yadda ta saba yi wa zaren auduga shekara da shekaru. Wani wari ya tashi irin na ledar da ta faɗa murhu. Da ta ɗaga, atamfar ta ɗan yi ja kaɗan, amma zaren ya rikiɗa. Maimakon layi sai wasu 'yan ɗigo masu tauri da sheƙi a jere kamar ƙwan kifi. Ta sa farce ta kankara, suka zube. Ƙyallayen biyu suka rabu a hannunta.

Foliyesta tana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260, tana kuma fara laushi tun kafin nan. Dutsen guga na lantarki, ko an murɗa shi ƙarshe, wajen digiri 200 yake tsayawa, don yana da abin da ke kashe shi idan ya kai. Na gawayi ba shi da wannan, zafinsa gwargwadon fifitar yaro ne. Auduga ba ta narkewa sam, sai dai ta babbake a hankali, kuma tana ba da alama tukuna. Haɗarin ya fi yawa a inda zare bai narke ƙarara ba, ya dai yi rauni, ido bai gani ba. Uku daga bargunan biyar sun dawo, kowanne ya buɗe a wuraren da dutse ya fi daɗewa a kai. Ita da bakinta ta ce araha ba ta ado.

## Janairu zuwa Maris 2024: zaren teloli, da sabbin matsaloli huɗu

Wani tela maƙwabcinta, wanda ke ba ta ƙyalle, ya ga halin da take ciki. Ya ce, "Inna, ba duk zaren roba ne ɗaya ba. Ga wanda muke ɗinka shadda da shi." Ya ba ta kwarkwaro mai lamba 40/2. Shi ma foliyesta ne, amma an yanyanka silin gajeru an kaɗa su kamar yadda ake kaɗa auduga, shi ya sa ba ya walƙiya, yana da ɗan gashi-gashi, yana kuma riƙe ƙulli. Lamba 40 kaurin kowane sili take nufi, 2 kuma sili biyu aka murɗe tare. A irin wannan lissafi, idan lamba ta hau zare na ƙara siranta ne.

Tsinkewa ta tsaya cak. Ƙoshiya ma ta daina cika da ƙurar zare kamar da. Ta yi barguna bakwai a wata biyu da rabi, hankalinta ya fara kwanciya. Sai ƙorafi ya fara zuwa ta wata fuska.

Na farko, layukan danni suna tattarewa tun a kan keke, bargo ya ƙi kwanciya. Keken nan shekara da shekaru an ɗaure shi ne daidai da zaren auduga, wanda miƙewarsa kaɗan ce. Zaren roba ya fi shi miƙewa nesa ba kusa ba. Idan maɗaurin zaren sama ya matse shi, yakan shiga ƙyalle a miƙe, bayan an cire bargo ya koma yadda yake, ya janyo ƙyallen tare da shi.

Na biyu ya bayyana bayan wankin farko. Shafin akoko ya shige, fuskar atamfa ba ta shige kamarsa ba, bargo ya lanƙwashe kamar faifan da ya sha rana. Mun auna ɗaya: shafin da aka yanka mita 2 ya koma mita 1 da santimita 91. A da ma akoko na shigewa, amma zaren auduga yakan ɗan shige tare da shi, abin ya zo da sauƙi. Zaren roba bai san ruwa ba, danshin da yake sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai ya tsaya da tsawonsa, ya yi 'yan kunnuwa a bayan bargo, yatsa na kamawa.

Na uku shi ya fi tayar mata da hankali. Wata mata ta dawo da bargo ya yage daidai kan layin ɗinki, zare yana nan lafiya, atamfar ce ta tsage. Matar ta ce ai dama an gaya mata zaren roba yanka tufa yake kamar reza. Maganar ta bazu a unguwa. Muka zauna muka duba inda ya yage. Murabba'i uku ne, dukansu daga wani tsohon zane da aka ba ta, wanda ya riga ya sha wanki har ana ganin haske ta cikinsa. Muka ƙirga sukar allura, muka samu 13 a cikin santimita 2. Tun lokacin ruɓaɓɓen zare ta rage tsawon ɗinki don ya ƙara riƙo, ta manta ba ta mayar ba. Allura lamba 16 tana huda tsohon ƙyalle kusa da kusa haka, ta riga ta yi masa layin yagewa irin na takardar rasit.

Na huɗu a marina ya faru. Wata hajiya ta ce a yi mata bargo na akoko fari fat sama da ƙasa, za ta kai a rina mata shuɗi. Da ya fito daga rini, ƙyallen ya yi shuɗi kamar yadda take so, zaren kuwa ya ɗan yi dishi-dishi, wanki ɗaya ya koma fari. Baba da sauran rinin da ke kama auduga ba sa shiga foliyesta. Ita rini na musamman take so, a tukunyar masana'anta mai zafin da ya kai wajen digiri 130. Hajiyar ba ta karɓi bargon ba.

## Afrilu da Mayu 2024: ashana da 'yan barguna huɗu

Cikin Maris na 2024 aka sake buɗe iyaka. Mai kawo zare ya dawo da kaya, tambaya kuma ta taso: a koma wa auduga gaba ɗaya, ko a zauna a kan roba? Gwaggo ta ce wannan karon ba za ta gwada a kan kuɗin mutane ba.

Abin da aka fara yi shi ne tantance zaren kansa, don an riga an gane suna da kamanni suna ruɗi. Mai gyaran keke ya nuna mata dabarar ashana. A yanko zare kamar taƙi ɗaya, a ninka, a kai bakinsa ga wuta. Auduga takan kama nan da nan, ta yi warin takardar da aka ƙona, ta bar toka mai laushi da ke bajewa tsakanin yatsu. Roba takan ja da baya daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan ƙwallo mai tauri. Cikin kwarkwarai goma sha biyu da aka kawo mata da sunan auduga, huɗu sun yi ƙwallo. Shi kansa ɗan kasuwar bai sani ba, a haka ya sayo su.

Sannan ta ɗinka 'yan barguna huɗu, kowanne santimita 40 ta kowane gefe. Na farko auduga ce haɗi da danni, duka da keke. Na biyu roba 40/2 duka. Na uku haɗi da roba, danni da hannu da zaren auduga mai ɗan kauri da aka goga wa kakin zuma. Waɗannan ukun an jiƙa akokonsu da ƙyallayensu kwana guda, an shanya, an goge kafin a yanka. An sassauta maɗaurin zaren sama har ƙullin ɗinki ya ɓace a tsakiyar ƙyalle, an mayar da suka 7 a cikin santimita 2, allura kuma lamba 14. Na huɗu roba ce, amma an bar komai yadda yake a watan Janairu, ba jiƙo, ba sassautawa, don a samu abin kwatance.

Aka ba yaran gida su yi ta wasa da su. Duk Asabar a wanke su da omo, a murza, a matse da ƙarfi, a shanya a ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Mako takwas aka yi ana haka.

Na huɗu tun wankin farko ya tattare ya lanƙwashe, daidai da bargunan da aka dawo da su. Na biyu ya kwanta lif, ko suka ɗaya ba ta tsinke ba, ƙyallen bai yage ba. Na farko ma ya kwanta, ya fi su laushi a hannu, amma a mako na shida danninsa ya tsinke wuri biyu, duka a inda ake murɗawa wajen matsa. Na uku bai tsinke ba, domin ɗinkin hannu yana da ɗan sassauci da na keke ba shi da shi, zaren kuma ya fi kauri. Shi ne kuma ya fi kyan gani, zaren ya nutse cikin atamfa kamar tare aka saƙa su.

Guga ma an yi mata ƙa'ida. Kafin dutse ya taɓa bargo, a ɗora shi kan farin ƙyalle a ƙirga biyar. Idan ƙyallen ya yi ja, a jira. In an zo kan layin ɗinki, a shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a sama tukuna, kuma kada dutse ya tsaya wuri ɗaya.

## Daminar 2024

Akwai gwajin da ba wanda ya shirya shi. A ƙarshen Agustan 2024 aka yi ruwan da ya mamaye unguwanni a Maraɗi, ya rushe gidaje, aka yi asarar rayuka. Wata mai sayen bargo a wurin Gwaggo ruwa ya shiga ɗakinta, kayanta suka yi kwana tara jiƙe a tsibi ɗaya kafin ta samu sukunin komawa kansu. A ciki akwai barguna biyu na Gwaggo, ɗaya na 2022 mai zaren auduga, ɗaya na watan Yuni mai zaren roba. Dukansu sun yi tabon hunhuna. Da aka wanke, na 2022 layukansa suka riƙa sakin jiki ɗaya bayan ɗaya, na Yuni ya fito da ɗinkinsa cif.

Shekarun bargunan ba ɗaya ba ne, na farkon ya girmi na biyun da hunturu biyu, don haka ba za a ɗora komai a kan zare ba. Amma abin ya yi daidai da halin kowannensu. Zaren auduga ba ya tsoron wanki, yana ma ƙara ƙarfi idan ya jiƙe. Abin da ke kashe shi daɗewa cikin danshi ne. Hunhuna kuwa ba ta cin roba.

## Hunturun 2024 zuwa 2025

Daga Oktoba zuwa Fabrairu ta yi barguna 21 a kan sabon tsari. Kowane ƙyalle da akoko sai an jiƙa shi tukuna. Tsohon zanen da ake ganin haske ta cikinsa ba ya shiga fuska, sai dai ciko. Haɗi duka da roba 40/2. Dannin keke na bargon yau da kullum, wanda yara za su yi wa fitsari a yi ta wankewa, shi ma roba. Na amare danni da hannu, zaren auduga da kakin zuma. Wanda za a kai marina auduga ce tun daga haɗi. Zaren auduga ta daina tara shi, na wata uku kawai take saye, tana ajiye shi a gwangwani mai murfi nesa da bango.

Ta ƙara wata ƙa'ida da ba ta fito daga gwaji ba. Bargon jarirai da na tsofaffin da ke kwana kusa da kaskon wuta, auduga take sa musu ciki da waje, ba ta kuma yarda a kawo mata cikon audugar roba don su. Auduga ma tana cin wuta, amma roba idan ta narke manne wa fata take yi.

Cikin 21 ɗin ɗaya aka dawo da shi. Garwashi ya faɗo masa daga kasko, ya huda atamfa, zaren roba ya narke kamar tsawon tafin hannu. Ta yi masa maho.

## Abin da lamarin ya nuna

Idan aka bi ɓarnar ɗaya bayan ɗaya, yawancinta ba daga jinsin zare ta fito ba. Bargunan Satumba ajiya ce ta kashe su, da sabon zaren auduga ne da ba su dawo ba. Na Disamba zaren ado aka sa aikin ƙarfi, aka kuma haɗa shi da dutsen da ba a san zafinsa ba. Tattarewa daga ɗaurin keke take, lanƙwashewa daga rashin jiƙo, yagewa daga tsohon ƙyalle da matsattsen ɗinki. Inda roba da auduga suka fi rabuwa wuri uku ne: wuta, rini, da daɗewa cikin danshi. A biyun farko auduga ce gaba, a na uku roba.

A ganina Gwaggo ta yi daidai da ta ba roba aikin keke. Bargon gidan Maraɗi ba na ratayewa a bango ba ne. Ana murza shi, ana matse shi, ana ninke shi a jefa cikin adaka damina ta wuce a kansa, kuma zaren da zai jure wannan shi ne 40/2. Zancen cewa roba na yanka atamfa bai tabbata a hannunta ba. Ƙyalle mai ƙarfi da ɗinki mai suka 7 bai yage ba ko sau ɗaya. Amma maganar ba ta rasa tushe gaba ɗaya. Idan bargo ya tsufa, wani abu dole ya fara sakin jiki. A da zaren ne ke fara tsinkewa, a kawo mata ta sake bin layin, bargo ya ƙara shekaru. Da roba, ƙyallen ne zai riga zare gajiya, shi kuma gyaransa maho ne. Wannan shi ya sa na fi jin daɗin cewa ba ta saki auduga a bargon amare ba, wanda ake so ya daɗe har a shimfiɗa wa ɗiya.

Abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin shi ne bargunan da ta warware ta sake ɗinkawa kyauta, makonni na aiki, alhali tsinken ashana ɗaya da jan zare tsakanin yatsu biyu sun isa su hana yawancin asarar tun farko. Masu zare da dama suna sayar da launi da tsawo ne kawai, mai saye kuma ba ya tambaya.

Na raka ta kasuwa cikin watan Maris da ya biyo baya. Tana tsayawa gaban teburin, tun kafin ta gama gaisuwa mai zaren ya ɗauko almakashi ya yanko mata taƙi ɗaya daga kwarkwaro uku. Ya ce, "Hajiya, bismilla, gwada." Ta kwance bakin zanenta ta ciro kwalin ashana. Biyu suka yi toka, ɗaya ya yi ƙwallo. Ta sayi duka ukun, ta sa masu tokar a jaka, mai ƙwallon kuma ta riƙe shi a hannu don kada su gauraya kafin ta isa gida.